Tsofaffin Littattafan Zane da Masu Tara Su

1. Mene ne littafin zane?

Littafin zane shi ne wanda ake ba da labari a cikinsa da hotuna na hannu, wannan bayan wannan. Kowane hoto yana zaune cikin gurbinsa, kamar gidajen dara. Maganar mutanen labarin kuwa ana rubuta ta cikin wata ƴar kumfa mai wutsiya, wutsiyar tana nuna bakin mai magana. Da Faransanci sunansa bande dessinée. Amurkawa suna ce masa komik, domin labaran farko da aka buga a jaridunsu na ban dariya ne.

Ƴan makaranta da yawa sun san Tintin da karensa Milou, sun san Astérix da Lucky Luke. Iyayensu da kakanninsu sun karanta Akim da Zembla da Blek. Sun kuma karanta Kouakou, wata jaridar yara da aka fara bugawa a shekarar 1966, aka riƙa raba ta a ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara irin wannan aiki malamin makaranta ne. Sunansa Rodolphe Töpffer, mutumin birnin Janeba a ƙasar Suwis. Yana zana labarai don ya ba almajiransa dariya. A shekarar 1833 ya buga na farko, labarin wani mutum mai son a sani, Monsieur Jabot.

Tun daga farko ba a ɗauki littafin zane da daraja ba. Abin yara ne, mai araha, a karanta a yar. Amma yau akwai tsofaffinsa da kuɗin guda ɗaya ya fi kuɗin gidaje goma. Akwai kuma hotunan da aka kwaikwayo daga cikinsa, suna rataye a manyan gidajen kallo na duniya. Ga yadda abin ya faru.

2. Littafin santi goma

A birnin Cleveland na ƙasar Amurka an yi wasu samari biyu, Jerry Siegel da Joe Shuster. Makarantarsu ɗaya. Siegel yana rubuta labari, Shuster yana zanawa. Suka ƙago wani jarumi mai ƙarfin gaske, wanda ya zo daga wata duniya, harsashi ba ya huda shi. Suka sa masa suna Superman. Shekara da shekaru suna kai labarin wurin masu buga jaridu, ana mayar musu da shi.

A shekarar 1938 wani kamfani na birnin Niyu Yok ya karɓa. Labarin shafi 13 ne. Aka biya su dala 10 kowane shafi, wato dala 130 su biyu, suka sa hannu suka bar wa kamfanin jarumin gaba ɗaya. A lura, dalar Amurka dabam take da dalar kasuwar Nijar, wadda take tamma biyar. Duk inda aka ce dala a wannan darasi, ta Amurka ake nufi, kuma santi 100 ne dala guda.

Labarin ya fito cikin wani sabon littafi mai suna Action Comics, lamba 1, na watan Yuni 1938. A bangonsa an zana Superman ya ɗaga mota sama da hannu, mutane suna gudu. Kuɗinsa santi 10. An buga wajen dubu 200, yara suka yi ta saye. Da wasu kamfanoni suka ga haka, kowa ya nemi jaruminsa. A shekarar 1939 Batman ya fito cikin Detective Comics lamba 27.

Daga cikin dubu 200 ɗin nan, masana suna ƙiyasin waɗanda suka rage ba su wuce kamar 100 ba. A shekarar 2010 an sayar da guda ɗaya dala miliyan 1. A 2014 an sayar da wani miliyan 3 da dubu 200. A 2024 wani ya kai miliyan 6 a wurin gwanjo.

3. Ina sauran suka tafi?

Dalilai huɗu ne suka halaka tsofaffin littattafan.

Na farko, takarda. Don littafin ya yi araha, ana buga shi a kan takardar jarida, wadda ake yi da niƙaƙƙen itace. Akwai wani tsami a cikinta da yake cin ta a hankali. In ta daɗe sai ta yi ja, ta bushe, ta riƙa karyewa kamar busasshen ganye. Rana da zafi da laima suna ƙara gaggauta lalacewarta.

Na biyu, masu karatu. Yaro yana naɗe littafin ya cusa aljihu. Ya ara wa abokinsa, abokin ya ara wa wani. Wani ya yanke hoto ya liƙa a bango, wani ya rubuta sunansa a kai. Ranar share ɗaki kuma uwa ta kwashe ta zuba a juji.

Na uku, yaƙi. Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a ƙarshen shekarar 1941. Takarda ta yi ƙaranci, gwamnati ta roƙi jama'a su kawo tsofaffin jaridu don a sake sarrafa su. Ƴan makaranta ne suka riƙa bi gida-gida suna tarawa, har da nasu littattafan zane suka ba da.

Na huɗu, tsoron manya. Bayan yaƙi wasu iyaye da malamai suka ce waɗannan littattafai suna ɓata tarbiyya. A shekarar 1948, a wasu garuruwan Amurka, an tara su a filin makaranta an cinna musu wuta. A 1949 Faransa ta yi dokar sa ido a kan littattafan yara. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya rubuta littafi yana zarginsu da koya wa yara laifi. Majalisar dattawan Amurka ta yi zama a kan maganar. Masu bugawa suka tsorata, suka kafa wa kansu dokoki masu tsanani, kamfanoni da dama suka rufe.

Ke nan ba wuyar yi ta sa littattafan suka yi tsada ba. Da yawa aka buga su. Rashin kula ne ya mayar da su kaɗan.

4. Masu tarawa

Yaran da suka karanta Superman sun girma. Cikin shekarun 1960 wasunsu suka fara neman littattafan ƙuruciyarsu. Suna rubuta wa juna wasiƙu, suna musaya, suna yin taro. A shekarar 1970 wani mai suna Robert Overstreet ya buga littafi mai nuna farashin kowane tsohon littafin zane. Daga nan abin ya zama ciniki sosai.

Mai tarawa yana duba abu uku kafin ya saya. Yana duba ko littafin yana da wuyar samu. Yana duba ko a cikinsa ne wani sanannen jarumi ya fara fitowa. Sa'an nan yana duba lafiyarsa: ko bango ya yage, ko kusurwa ta lanƙwashe, ko ƴar wayar ɗinki ta yi tsatsa, ko takarda ta yi ja. Tun shekarar 2000 akwai wani kamfani a Amurka, CGC, da yake duba littafi ya ba shi maki, daga rabi zuwa 10, kamar yadda malami yake gyara jarrabawa. In ya gama sai ya rufe littafin cikin ƴar akwatin roba mai haske, ya rubuta makin a sama.

Labarai biyu suna nuna muhimmancin wannan maki.

Na ɗaya. A birnin Denver an yi wani mai zanen tallace-tallace, Edgar Church. Tun daga ƙarshen shekarun 1930 yana sayen littattafan zane sababbi, don ya riƙa duba yadda ake zana mutane da motoci. Ba ya wasa da su. In ya duba sai ya jera su a wani ɗaki na ƙarƙashin gidansa, mai duhu, mai sanyi, marar laima. A shekarar 1977, da ya tsufa, iyalinsa suka sayar da su ga wani matashin ɗan kasuwa. Sun kai wajen dubu 20, mafi yawansu kamar jiya aka buga su. Har wa yau, in aka ce littafi daga tarin Church ya fito, kuɗinsa yakan ninka na ɗan'uwansa.

Na biyu. A shekarar 2013, a jihar Minnesota, wani magini yana gyaran tsohon gida. Da ya fasa bango sai ya tarar an cusa tsofaffin jaridu a ciki don tare sanyi. A tsakiyarsu ga Action Comics lamba 1, ya yi shekara fiye da 70 a nan. Cikin murna sai gardama ta tashi tsakaninsa da wata ƴar'uwar matarsa, wannan ya ja, wannan ya ja, bangon baya ya yage. Aka ba littafin maki ɗaya da rabi, aka sayar da shi dala dubu 175. Masu gwanjon suka ce yagewar nan kaɗai ta rage masa dala dubu 75.

Akwai wani abin lura. Littafin da aka rufe cikin roba ba a iya buɗe shi, domin in an fasa akwatin makin ya tashi. Abin da aka yi don yaro ya karanta ya zama dukiyar da ake ɓoyewa a banki. Shi ya sa masu tarawa suka kasu biyu. Wasu suna saye don su sayar da riba. Wasu kuwa labarin da zanen suke so, ko da littafin ya tsufa ya yage.

5. Fasahar Pop Art

Kafin masu tarawa su yi yawa, wasu mutane dabam sun riga sun dubi littafin zane da sabon ido. Su ne masu zanen fenti, waɗanda suke yin manyan hotuna a kan ƙyalle don a rataya a gidajen kallo.

A dā, mai zanen fenti yana zana sarakuna, da duwatsu, da teku, da furanni. Cikin shekarun 1950 kuma manyan masu zane na Amurka ba su zana kamannin komai, launi kawai suke shimfiɗawa ko su watsa a kan ƙyalle, don su nuna abin da ke zuciyarsu. Sai wasu matasa suka ce: ga gari cike da hotuna, a jarida, a allon talla, a gwangwanin abinci, a telebijin. Su ne jama'a suke gani kullum. Don me ba za a zana su ba? Wannan sabuwar hanya aka sa wa suna Pop Art. Kalmar pop guntuwa ce ta kalmar da take daidai da populaire a Faransanci, wato na jama'a.

A Ingila abin ya fara. A shekarar 1956, a birnin Landan, Richard Hamilton ya yanko hotuna daga jaridun Amurka, ya liƙa su wuri ɗaya, ya haɗa hoton wani ɗaki na zamani. A cikin ɗakin akwai telebijin, da gwangwanin nama, da wani ƙaƙƙarfan mutum riƙe da ƙatuwar alawa. A bangon ɗakin, inda aka saba rataya hoto mai daraja, sai ya rataya bangon wani littafin zane na soyayya.

A Amurka mutum biyu suka kama wannan hanya a lokaci guda, ba tare da sun san juna ba. Ɗaya shi ne Andy Warhol, mai zanen talla. A 1960 da 1961 ya zana Dick Tracy da Popeye da Superman a kan manyan ƙyallaye. Ɗayan shi ne Roy Lichtenstein, malamin zane, wanda aka haifa a 1923. A 1961 ya zana Mickey da Donald suna kamun kifi, ya kwaikwayo su daga wani littafin yara. Da Warhol ya ga aikin Lichtenstein a wurin wani dillalin hotuna, Leo Castelli, sai ya bar masa littafin zane, ya koma ga gwangwanin miya. A 1962 ya nuna hotuna 32 na gwangwanayen Campbell's. A wannan shekara kuma Castelli ya baje hotunan Lichtenstein, aka saye su duka tun kafin a buɗe ƙofa.

6. Sirrin ɗige-ɗige

Wanda ya ɗora gilashin ƙara girma a kan tsohon littafin zane zai ga abin mamaki. Fuskar mutum ba launi ɗaya ba ce, ƙananan ɗige-ɗige ne ja a kan farar takarda. Sama kuma ɗige-ɗige ne shuɗi. Dalili shi ne injin bugawa tawada huɗu kawai gare shi: shuɗiya, ja, ruwan ɗorawa da baƙa. In ana son ja mai haske, sai a buga ƙananan ɗigo nesa da juna. In ana son kore, sai a ɗora ɗigon shuɗi a kan ruwan ɗorawa. Ido daga nesa shi yake gauraya su. Wani Ba'amurke, Benjamin Day, ya ƙago wannan dabara a shekarar 1879, shi ya sa ake ce musu ɗigon Ben-Day.

Mai maɗaba'a yana so ɗigon ya ɓuya. Lichtenstein kuwa ya fito da shi fili. Ga yadda yake aiki. Ya zaɓi gurbi ɗaya tak daga cikin littafi. Ya sake zana shi da hannu a ƙaramar takarda, ya cire wasu abubuwa, ya gyara wasu. Ya haska zanen a kan babban ƙyalle da fitilar nuna hoto, ya bi sawun layukan. Sa'an nan ya ɗora wani farantin ƙarfe mai huda-huda kamar rariya, ya goga fenti da buroshi, fenti ya ratsa ta hudojin ya zama ɗigo. A ƙarshe ya ja baƙaƙen layuka masu kauri. Aikin hannu ne na kwana da kwanaki, amma an yi shi ya yi kama da na inji.

Sanannen hotonsa shi ne Whaam!, na shekarar 1963. Sunan ƙarar fashewa ce. Jirgin yaƙi ya harbo wani jirgi, wuta ta tashi ja da ruwan ɗorawa. Tsayin hoton mita 1 da santimita 70, faɗinsa mita 4. Gidan kallo na Tate a Landan ya saye shi a 1966. Ba kowa ya yarda da wannan aiki ba. A 1964 jaridar Life ta yi tambaya ko shi ne mafi munin masu zane a Amurka. Amma kasuwa ta ba da tata amsa: a shekarar 2017 an sayar da hotonsa mai suna Masterpiece dala miliyan 165.

7. Zanen na wa ne?

A nan ne gardama take. Gurbin da aka kwaikwayo Whaam! daga gare shi ba Lichtenstein ya zana shi ba. Wani mai suna Irv Novick ne ya zana shi cikin littafin All-American Men of War, lamba 89, na shekarar 1962. Yarinyar da ruwa yake ci a hoton Drowning Girl kuwa, Tony Abruzzo ne ya zana ta cikin wani littafin soyayya. Lichtenstein bai rubuta sunayensu a jikin hotunansa ba, ba a kuma biya su komai ba.

Yaya aka gano haka? Masu tara tsofaffin littattafai ne suka taimaka. Wani malamin zane a Amurka, David Barsalou, ya yi shekaru fiye da 20 yana buɗe dubban littattafai shafi-shafi. In ya sami gurbin da aka kwaikwaya sai ya ajiye shi kusa da hoton Lichtenstein. Ya samo fiye da 100. Da ba a adana littattafan santi goma da na santi goma sha biyu ba, da ba wanda zai san asalin hotunan miliyoyi.

Masu goyon bayan Lichtenstein suna cewa ya sāke abin da ya ɗauka. Ya ciro gurbi ɗaya daga labari, ya ƙara masa girma, ya sauya launi da tsari, har ya sa mutane suka tsaya suna kallon abin da a dā suke wucewa. Masu suka kuma suna cewa ƙashin aikin na wani ne, ko ba kuɗi ya kamata a ambaci mai shi. Ɗaya daga cikin waɗanda aka kwaikwayi zanensu, Russ Heath, ya tsufa cikin rashi, har wata ƙungiyar taimakon masu zane ta riƙa agaza masa. A shekarar 2014 ya zana labarin kansa a shafi ɗaya, ya nuna yadda wani ya sami miliyoyi shi bai sami ko santi ba.

Siegel da Shuster ma haka. Superman ya kawo wa kamfani dukiya mai yawa, a littafi da rediyo da silima. A 1947 suka kai ƙara kotu don a mayar musu da jaruminsu, ba su samu ba, aka kuma cire sunayensu daga littafin. Suka shiga talauci, idon Shuster ya kusa mutuwa. Sai a shekarar 1975, bayan ƴan'uwansu masu zane sun yi ta kuka a jaridu, kamfanin ya yarda ya riƙa ba kowannensu dala dubu 20 a shekara, ya kuma mayar da sunayensu. A 2012 aka yi gwanjon takardar banki da aka biya su da ita a 1938. Takardar kawai ta yi dala dubu 160.

8. A ƙasashen Faransanci

A Turai ma ana tara littattafan zane. Tintin ya fara fitowa ranar 10 ga Janairu 1929, cikin wata jaridar yara ta ƙasar Beljik, Le Petit Vingtième. Mai zanensa Georges Remi ne, wanda aka sani da Hergé. Astérix ya fito a 1959 cikin jaridar Pilote. Littafinsa na farko, na 1961, guda dubu 6 kawai aka buga, shi ya sa masu tarawa suke nemansa.

Abin da ya fi tsada shi ne zanen asali, wato takardar da mai zane ya taɓa da hannunsa, domin guda ɗaya ce a duniya. A 1936 Hergé ya zana bangon littafin Le Lotus bleu: wani jan dodo a kan baƙin fili, Tintin da Milou suna leƙowa daga cikin tulu. Mai bugawa ya ce launukan sun yi yawa, bugun zai yi tsada, aka yi wani. Zanen farko aka ninke shi, ya yi shekaru a ajiye. A watan Janairu 2021 an yi gwanjonsa a Paris, ya kai kusan yuro miliyan 3 da dubu 200, wato fiye da miliyar 2 na kuɗin sefa.

Hergé kansa yana son Pop Art. Ya sayi ayyukan Lichtenstein, kuma a 1977 Warhol ya zana hotonsa. A Faransa an fara kiran littafin zane fasaha ta tara, aka kuma fara yi masa biki a garin Angoulême a shekarar 1974.

Tsohon bugu yana da wani amfani da ya wuce kuɗi: shaida ne. Littafin Tintin au Congo ya fito a 1931, lokacin da Beljik take mulkin Kwango. An zana baƙar fata a cikinsa da raini, kamar yara marasa wayo. A bugun farko Tintin ya shiga aji yana koya wa ƴan Kwango cewa Beljik ce ƙasarsu. A bugun 1946 Hergé ya sauya wannan gurbi, ya mayar da shi darasin lissafi. Wanda ya ajiye bugun biyu kusa da juna zai ga da idonsa abin da ƴan mulkin mallaka suke koya wa yara, da kuma ranar da aka fara jin kunyarsa.

9. Adana littafi

Ba kowane tsohon littafi ne yake zama dukiya ba. Cikin dubu, da wuya a sami ɗaya. Littattafan da ke cikin akwatin aji ba za su yi miliyoyi ba. Amma abokan gabansu ɗaya ne da na Action Comics: rana, da ruwa, da hannu mai maiƙo. A ƙasar Hausa kuma ga gara, ga ɓera, ga ƙurar hunturu, ga mai ƙosai da yake neman takardar ƙunshi.

Dabarun masu tarawa ba su da wuya. Ana wanke hannu kafin a taɓa littafi. Ba a naɗe shi, ba a lanƙwasa kusurwa don alama, sai a sa ƴar takarda. Ana yi masa riga da takarda mai kauri. Ana ajiye shi a inuwa, cikin adaka, a kan dutse ko tebur, nesa da ƙasa da jikin bango. Kafin damina ana fito da shi a kakkaɓe a duba.

Jaridar Kouakou an daina buga ta a shekarar 1998. An raba ta da yawa, kamar yadda aka buga Action Comics da yawa, kuma hanyar da waccan ta bi ita wannan take bi. Gidan da yake da sauranta a ƙasan adaka yana riƙe da abin da yaran Afirka suka karanta shekara 50 da suka wuce.

Akwai kuma abin da ya rage ga mai karatu. A bangon kowane littafin zane, ko a shafinsa na farko, akwai sunan wanda ya rubuta labari da na wanda ya zana. Ya kamata a karanta su, a riƙe su. Ɗan makarantar da ya kwaikwayi hoto don koyo bai yi laifi ba, haka kowane mai zane ya fara. Amma in ya gama, sai ya rubuta a ƙasa daga wurin wa ya ɗauko.

Tambayoyi

1. Mene ne gurbi, mece ce kumfa, a littafin zane?
2. Nawa aka biya Siegel da Shuster? Nawa ke nan kowannensu ya samu?
3. Ku faɗi dalilai huɗu da suka sa tsofaffin littattafan zane suka yi wuyar samu.
4. Don me littattafan Edgar Church ba su lalace ba?
5. Tawada nawa injin bugawa yake aiki da su? Yaya ake samun kore?
6. Wa ya zana gurbin da aka kwaikwayo Whaam! daga gare shi? Yaya aka gano?
7. A ganinku, Lichtenstein ya kyauta ko bai kyauta ba? Ku kawo dalili.

Aikin yi

Kowa ya zaɓi wata tatsuniya da ya sani, ya zana ta cikin gurbi shida, ya rubuta maganar cikin kumfa da Hausa. A ƙasa ya rubuta sunansa, da sunan wanda ya ba shi tatsuniyar.